Mai Gida Tana Ciki

Sallaya ɗaya. Silifas na roba, tsofaffi, domin sababbi za su tona asiri. Buroshin haƙori, robar magunguna, zannuwa uku, rediyo, tukunya mai baƙin gindi, hoton marigayi. Sai ita kanta Sista, tsohuwar nas, a kujerar bayan mota, an ɗora mata tukunyar a cinya don kada ta yi ta ƙara a but.

A danja 'yarta ta gyara madubi, ta dube ta ta ciki.

"Mu sake, Umma. A ina kike kwana?"

"A ɗakin guga, tsakanin kekunan 'ya'yanki da injin wanki."

"Umma."

"Tambayata kika yi."

"In mutumin hukuma ya tambaye ki nake nufi. A ina kike kwana?"

"A gidana."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki iya share hancinki, Manaja."

'Yar ta tsani sunan nan, shi ya sa Sista ba ta kiranta da wani. Ta raɗa mata shi ne bayan faɗuwar da ta yi a banɗaki, aka yi mata aiki a gwiwa, 'yar ta kwashe ta zuwa gidan mijinta. Har ki warke, aka ce. Gwiwa ta warke. Amma kafin nan gidan Sista, ɗaki biyu da falo a hawa na uku, wanda ita da marigayi suka saya da gumin aikin asibiti da na tuƙin bas, ya riga ya shiga waya. Baƙi su ga hotunansa, su zaɓi kwana biyu ko uku, su zo da akwatunansu, su tafi, wasu su shigo. Manaja ta ajiye aikin ofis ta rungumi wannan. Duk sanda Sista ta tayar da zancen komawa sai a ce mata watan nan a cike yake, a bari na gaba.

Sai hukumar birni ta gaji da ƙorafin mazauna benaye, ta yi doka. Dokar ba ta da tsawo. Ba mai ba baƙi hayar kwana-kwana sai in shi kansa a gidan yake zaune. Ɗaki ɗaya zai bayar, yana nan, yana jin motsinsu, in sun yi ɓarna a san wuyan da za a kama. A cire akwatin makulli daga jikin ƙofa. A rataye tukunyar kashe gobara. A manna sunan mai gida da lambar wayarsa a bakin shiga. Waɗannan duk Manaja ta gama su a yini guda, da ƙusa da guduma. Abu ɗaya ya rage wanda ba a sayar da shi a kanti: mai gida a cikin gida. Lasisin da sunan Sista aka yi shi, tunda gidan nata ne, kuma yau da safe jami'in hukuma zai zo dubawa.

"Ba wani abu ba ne," Manaja ta ce da danja ta ba da hannu. "Ki zauna, ki amsa, ya tafi. Kafin azahar kin koma."

"Na koma ina?"

Manaja tana zagin wani mai babur.

Ginin ba shi da lif, bai taɓa yi ba. Sista ta hau a hankali, hannu ɗaya a ƙarfen matakala, Manaja a gaba da jaka a kowace kafaɗa. Bangon duk ya sha zane baƙi-baƙi, daidai tsayin akwatin tafiya. An fasa gefen wata matakala.

A hawa na biyu ƙofa a buɗe take. A bakinta kujera, a kan kujerar Uwar Bene. Ita ce shugabar kwamitin mazauna ginin tun ranar da aka kafa shi. Ba wanda ya zaɓe ta, ba wanda ya iya sauke ta. Gidanta yana ƙarƙashin na Sista daidai, rufinta shi ne daɓen Sista. Sun yi zaman shekaru a haka, suna gaisawa, suna aron gishiri, ba su taɓa son juna ba.

"Ikon Allah," Uwar Bene ta ce. "Yau an fito da ke shan iska?"

"Ina kwana."

"Wa ya kwana? Tambayi 'yarki rabona da barci."

"Ina kwana, Gwaggo," Manaja ta ce ba tare da ta tsaya ba.

"Ni ba gwaggonki ba ce. Gwaggonki ba a zuba mata guntayen sigari a kan shanya. Gwaggonki ƙato ba ya zuwa ya yi ta danna mata ƙararrawa yana neman ɗakinsa." Ta maido ido kan Sista. "Ni na kai ƙara, in ba a gaya miki ba. Da ƙafata na je, ban aika ba. Silin ɗina yana ɗiga tun da aka sa muku kwamin wankan nan. Na kira ki, na kira ki, wayarki a hannun wannan take."

Sista ba ta san da kiran ba. Ba ta kuma ga dalilin da Uwar Bene za ta san haka ba.

"Da nake tsira miki allura kyauta ba ki kai ƙarata ba."

"Lokacin mutum ne a samana. Yanzu tasha ce."

"Janye ƙafarki in wuce."

Ƙofar gidan Sista ba ta da ramin makulli yanzu, sai wasu lambobi masu haske. Manaja ta danna su da sauri, ta tura.

Fari. Bango fari, labule fari, kujeru masu siraran ƙafafu waɗanda mutum mai nauyi zai nemi izini kafin ya zauna. Kabad ɗinta na kwanuka babu shi. Inda agogon marigayi yake an rataye hoton wani kwalekwale a kan ruwan da ba a san na ina ba ne. Wurin yana ƙamshin sabulun da ba na kowa ba. Sista ta tsaya a tsakar falon tana neman abu ɗaya da za ta gane, sai ta ga tsagar nan ta jikin silin, kusa da fanka. Ita kaɗai aka bari, don fenti ya kasa ta.

"Kada ki tsaya haka kamar baƙuwa," Manaja ta ce. "Zauna. A'a, ba a nan ba, can, kusa da taga."

Ta shiga aiki. Ta cire kwalekwalen ta rataye marigayi. Ta jera magunguna a gefen gado, ta sake hargitsa su don kada su yi tsaf da yawa. Ta jiƙa buroshin haƙori a famfo ta tsayar da shi a kofi. Ta watsa zani ɗaya a kan kujera, ta yamutsa zanin gado, ta naushi matashi har ya yi rami kamar kai ya kwana a kansa. Silifas a ƙofar banɗaki, ɗaya a kife. Sallaya kuma ta shimfiɗa ta tana kallon talabijin.

Sista ta tashi, ta sa ƙafa ta juya sallayar zuwa kusurwar taga.

"A gidan nan kika koyi salla," ta ce.

"Sauri nake yi, Umma."

"Na gani."

Jami'in ya zo a kan lokaci. Mutum ne mai furfura jefi-jefi, rigarsa ta jiƙe a hammata, yana haki daga hawan bene. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. A bayansa Uwar Bene ce, ta jingina da dokin ƙofa ta harɗe hannu.

"Gwaggo, wannan aikin hukuma ne," Manaja ta ce.

"A matakala nake. Matakala ta kowa ce."

"Bar ta," jami'in ya ce. "Sannu, Mama. Ke ce mai gidan?"

"Ni ce."

Ya duba tukunyar kashe gobara, ya ɗaga ta ya ji nauyinta. Ya shafa ramukan ƙusa a inda aka cire akwatin makulli. Ya leƙa ɗakin baƙi, ya buɗe taga ya rufe. Manaja tana bin sa tana bayani: ga fitilar gaggawa, Yallaɓai, ga hanyar fita, ga inda muka rubuta dokar hana hayaniya. Yana gyaɗa kai kamar mai jin wa'azin da ya haddace.

A ɗakin kwana ya dubi gadon, ya dubi Sista. Gadon ya kai mata ƙugu.

"A nan kike kwana?"

"Ga matashi nan ka gani," Manaja ta ce.

"Hajiya, da Mama nake."

"A nan ɗakina yake," Sista ta ce.

A banɗaki ya daɗe yana kallon kwamin wankan, mai tsayin baki, mai santsi. Ya dubi yadda take dogara nauyinta a ƙafa ɗaya. Ya taɓa buroshin da ɗan yatsa, ya goge yatsan a wando.

A kicin ya ce, "Mama, taimaka min da cokali, zan duba bakin famfon nan."

Hannunta ya tafi da kansa, aljihun tebur na hagu, kusa da murhu, inda cokula suke tun tana da ƙarfin ɗaukar yaro a baya. Ta ja. Ƙananan tawul ne a ciki, an naɗe kowanne kamar tabarma.

Daga ƙofa Uwar Bene ta yi dariya, gajeriya, ta hanci.

"Mun canza wuri ne kwanan nan," Manaja ta ce, ta miƙo cokali daga wani wajen.

Jami'in ya karɓa ya ajiye, bai duba famfon ba. Ya nuna tukunyar da ke kan murhu. Murhun baƙin gilashi ne shafe, ba maɓalli, ba wuta.

"Yaya ake kunna shi?"

Sista ta dubi gilashin. Fuskarta kawai ta gani a ciki.

"Ni nake mata girki, Yallaɓai. Saboda ƙafarta."

"To."

Suka dawo falo. Ya zauna a bakin kujera, ya ɗora allon wayarsa a gwiwa, ya murza ido da yatsu biyu.

"Mama, tambaya ɗaya ce ta rage, kuma abin da kika faɗa shi zan rubuta. A gidan nan kike zaune?"

Manaja tana bayansa, tana ɗaga mata gira. Uwar Bene tana ƙofa, ta karkata kai tana jira. Sista ta yi aiki a asibiti har ta yi ritaya, ta gaya wa mutane da yawa abin da ba sa son ji, ba ta taɓa cewa mai mutuwa zai tashi ba. Amma in ta ce a'a, a gaban matar nan za ta faɗa cewa an ɗauko ta ne da safe tare da tukunya.

"A nan nake zaune."

"Kai!" Uwar Bene ta tafa hannu. "Da furfurarki, Sista? Da furfurarki?"

"Gwaggo, ki fita mana daga gida!"

"Ni ban shiga ba. Malam, rubuta: matar nan rabonta da ginin nan tun kafin a yi wa jikana kaciya, yanzu yana makaranta. Na san tafiyarta, tana jan ƙafar dama. Da tana samana da na ji." Ta nuna Sista da leɓe. "Na ɗauka duk abin da kika rasa kina da baki ɗaya. Ashe shi ma an ba da shi haya."

Sista ta sunkuyar da kai a gaban Uwar Bene. Wannan bai taɓa faruwa tsakaninsu ba.

Jami'in ya gama rubutu ya miƙe.

"Ni ba alƙali ba ne," ya ce. "Na rubuta. Satin nan kaɗai na ga iyaye da yawa. Wani ma a keken guragu aka hau da shi, yana tambayata gidan wa ne wannan." Ya sa takalmi ɗaya. "Abin da ya kamata ki sani, Mama, za mu dawo. Ba ma faɗin rana. Maƙwabta kuma suna da lambarmu."

"A kaina take," Uwar Bene ta ce.

"In aka zo ba kya nan, aka sake zuwa ba kya nan, za a soke lasisi, a garƙame ƙofar nan, a kira mai suna a kotu. Ba Hajiya za a kira ba." Ya sa ɗayan takalmin. "Allah ya ƙara sauƙi."

Ya sauka. Uwar Bene ta bi shi tana yi masa zancen silin ɗinta, muryarta tana raguwa hawa-hawa.

Manaja ta saki numfashi, ta yi 'yar dariya.

"An wuce wurin. Wallahi da kika ja aljihun nan na ɗauka asirinmu ya tonu." Ta riga ta ɗauki jaka tana cusa zani. "Tashi, Umma. Mai shara tana hanya, baƙi za su iso da la'asar. Iyali ne, duk gidan suka kama."

"Ɗaki ɗaya ya ce."

"Haka suke faɗa."

"Ya ce za su dawo."

"Akwai wanda baban su yara ya sani a ofishin. Zai riƙa yi mana waya. Ana kira sai in kawo ki, minti nawa ne."

"Ki kawo ni."

"Eh mana."

"Ki jiƙa buroshi, ki naushi matashi, ki zaunar da ni kusa da taga."

Manaja ta daina cusa kaya. "Me kike so in yi? Gaya min."

"Ajiye zanin nan."

"Umma, ba ni da lokacin wannan."

"Na ce ajiye."

Ta jefar da shi a kujera. Fuskarta ta canza, ta koma irin ta lokacin da take budurwa ana hana ta fita.

"To. Ki zauna a nan. Da wa? Ki hau benen nan da gwiwar da aka ɗinke? Ki shiga kwamin can ki sake faɗuwa? Wa ya tsince ki wancan karon, kina kwance a ruwa tun safe? Ita?" Ta nuna daɓe. "Tana ƙarƙashinki, ba ta ji faɗuwarki ba, amma tana jin ƙarar akwati. Ni na fasa ƙofa. Ni na kwana a asibiti a kan benci."

"Kin yi."

"Na bar aikina. Makarantar yaran nan daga gidan nan take fita, kin sani. Maganin da kike sha daga ina kike zaton yake zuwa? Kina ci, kina sha, ba wanda ya ɗaga miki murya a gidana."

"Ba wanda yake min magana a gidanki, balle ya ɗaga murya. Mijinki in zai yi guga sallama yake yi wa injin wanki."

"Haba, Umma!"

"Kin ce har in warke."

"Ai ba ki warke ba!"

"Na hau benen nan yau. Ke kika hau da ni, da kika ga kina buƙata."

A ƙasa an ji ana jan kujera zuwa bakin matakala.

"Sunana ne a ƙofar gini," Sista ta ce. "Lambarki ce a ƙarƙashinsa. Ni za a kira kotu, ke za a kira waya. Yau kuma kin tsaya a bayan mutum kina ɗaga min gira, na yi ƙarya a gaban matar da na fi ƙarfinta tun muna da haƙora. Kin ji abin da ta ce min."

"Don maganar waccan za ki rushe min sana'a?"

"Ga ɗaki can. Ki kawo baƙo ɗaya, mai hankali, wanda ba ya shan sigari. In ya wuce ƙarfe goma yana surutu ni zan fitar da shi. Haka dokar ta ce, ko ba haka ba?"

"Ɗaki ɗaya ba ya riƙe gida! Wa zai biya ya kwana da tsohuwa tana tari a ɗakin kusa?"

"To kada ya zo."

Wayar Manaja ta yi ƙara. Ta duba, ta ciji leɓe. Baƙin ne. Ta gyara murya, ta sa dariya a ciki, ta fita bakin matakala don sigina ta fi kyau a can.

"Eh, sannunku da hanya. Komai a shirye yake. Lambar ƙofa zan turo muku yanzu."

Sista ta bi ta har dokin ƙofa. Ta leƙa ƙasa. Uwar Bene tana kan kujerarta, kai a sama, ba ta ko ɓoye cewa saurare take ba.

"Ke," Sista ta ce mata. "Daga yau za ki ji jan ƙafa a kanki safe da yamma. Ki kira hukuma ki gaya musu wata tsohuwa ta dame ki."

"Sai na ji tukuna," Uwar Bene ta ce.

Manaja ta toshe bakin wayar da hannu. "Umma, shiga ciki ki ɗauko takalminki, don Allah, mutane suna ji."

Sista ta koma ciki. A saman ƙofar, ta ciki, tsohuwar sakatar ƙarfe tana nan, an shafe ta da farin fenti har da bakinta. Ta tura ƙofar ta rufu. Sakatar ta ƙi motsi; ta sa gindin tafin hannu ta buga, ta sake bugawa, fentin ya tsage, ƙarfen ya shige.

Daga waje lambobi suka yi ƙara, hannun ƙofar ya juya, ƙofar ba ta buɗu ba.

"Umma. Umma! Suna hanya fa!"

"Ki gaya musu da mutum a gidan," Sista ta ce. "A nan nake zaune. Ba na fita."